Hancin Gidan Usta Yadollah

A shekarar 1379 ta kalandar Iran, wadda ta yi daidai da 2000 a lissafin Turawa, abubuwa biyu suka sauya a lungun da ke bayan kasuwar darduma ta Tehran. Na farko shi ne farar filastar nan ta masu tiyatar gyaran hanci, wadda a da sai a unguwannin masu hali na gindin dutse ake ganinta a kan hancin 'yan mata, ta gangaro kudu har ta shigo lungun. Na biyu kuwa, Usta Yadollah mai gyaran darduma ya rasu mako uku bayan bikin sabuwar shekara, ya bar matarsa Batul da 'ya'ya biyu: Parviz, wanda ya guje wa allura ya koma gasa gurasa, da ƙanwarsa Nayyere, wadda ta gaji sana'ar tana da shekara ashirin da huɗu.

Ba sana'ar kaɗai ta gada ba. Hancin gidan Usta Yadollah sananne ne a lungun: dogo ne, mai tudu a tsakiyar kara, kuma bai taɓa tsallake kowa a zuri'ar ba. Kakarsu takan ce idan ɗan gidan zai shiga ɗaki, hancinsa ne ke fara yin sallama kafin sauran jikin ya iso. A fuskar namiji mutane suna kiransa kwarjini. A fuskar yarinyar da ɗankwali ya rufe mata gashi da kunnuwa, ya bar hancin shi kaɗai a fili, sunansa daban ne, kuma Nayyere ta sha jin sunan a makaranta tun tana aji uku.

Tun tana 'yar shekara tara take zama kusa da mahaifinta a ƙasa, darduma a shimfiɗe a kan gwiwoyinsu. Shi ya koya mata cewa idan asu ya cinye kusurwa guda, ba a ƙirƙiro zane daga kai. Ana juyo ɗaya kusurwar da ta tsira, a ƙirga ƙulle-ƙullenta, a mayar da abin da ya ɓata ƙulli bayan ƙulli. Bai yarda ta riƙe almakashi ba sai da ta shekara huɗu tana riƙe allura, domin a cewarsa allura tana tuba, almakashi ba ya tuba. Ranar da ta fara yi masa maganar tiyata, bai yi faɗa ba. Ya ɗora yatsa a kan tudun hancinsa, inda tabarau ya yi masa shaida, ya ce Allah ya yi wa mai gyaran darduma wannan tudu ne domin tabarau ya sami wurin zama. Nayyere ta yi dariya, domin a lokacin tana iya ƙirga zaren siliki daga tsaye.

Wata biyar bayan rasuwar, Shohre, 'yar ƙanwar mahaifiyar Nayyere, ta shigo gidan da filasta a hanci. An yi mata aikin tun kafin zafi ya shigo, likita ya ce ta cire filastar bayan 'yan makonni, amma ita sai sabuntawa take yi duk safiya, domin a cewarta wanda ya sayi sabuwar mota ba ya gaggawar cire ledar kujera. Ita ce ta kai Nayyere wurin likitanta, a hawa na huɗu na wani gini a arewacin birni, inda mata suka cika ɗakin jira har wasu na zaune a matakala.

Nayyere ta san abin da take so sarai. Ta yi kwanaki tana tsayawa tsakanin madubai biyu, ta yanke shawarar a rage tudun da kaurin ƙwayar shinkafa, a bar sauran yadda yake. Ta ma haddace yadda za ta faɗa. Amma ita tarbiyyar gidan Batul ce, gidan da ta'arof, wato kara, ya fi gishiri yawa. A gidan, baƙon da aka miƙa wa shayi yakan ƙi sau biyu, sai a na uku ya karɓa. Wanda aka tambaya abin da yake so bai isa ya faɗa a tambayar farko ba, sai an nace. Saboda haka da likitan ya juya fuskarta hagu da dama, ya tambaye ta yadda take so a yi, sai ta sunkuyar da kai.

"Duk yadda kuka gani, likita. Ku ne masana."

Ta jira tambaya ta biyu, amsarta a bakinta. Likitan, wanda mutum talatin ke jiransa a waje, ya rubuta wani abu a takarda, ya ce ta yi kyakkyawan tunani, ya kira ta gaba. A mota Shohre ta tabbatar mata cewa mutumin hannunsa zinariya ne. Ranar aikin ma ta so ta yi magana, amma ta ga yin hakan tamkar gaya wa babban mutum ne cewa bai san aikinsa ba, sai ta yi shiru har allurar barci ta ɗauke ta.

Ranar da kumburi ya sauka aka cire filasta, Batul ta dafa miyar taliya da wake tukunya guda, ta tara dangi. Tudun ya tafi, kuma ba shi kaɗai ba: karan hancin ya lotsa kamar cikin cokali, kansa ya ɗaga sama. Irin wannan ake yayi a shekarar, don haka mata suka yi ta sa albarka, suna cewa ta zama 'yar tsana. Nayyere tana murmushi tana godiya, zuciyarta kuwa tana neman wanda zai ce mata abin zai cike daga baya. Parviz ya shigo a makare, da ƙurar fulawa a girarsa. Ya tsaya ya dube ta daga gefe, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana a gaban kowa.

"Baba bai shekara a ƙasa ba, kin sake binne shi."

Babu wanda ya ƙara kai cokali baki. Batul ta kore shi, ya fita ba tare da ya ci komai ba. Washegari Nayyere ta ɗauko almakashin aikinta, ta bi hotunan gidan ɗaya bayan ɗaya, na makaranta da na biki da na yawon shaƙatawa, ta yanke fuskarta daga duk inda gefenta ya fito. Ta yi aikin da tsabta, kamar yadda aka koya mata.

Ba za a ce sun yi gaba da Parviz ba, domin mutanen kirki ba su yin gaba. Sun ci gaba da haɗuwa a bikin sabuwar shekara da zaman makoki, suna gaisawa gaisuwa mai tsawo, kowa na cewa shi bawan ɗan'uwansa ne, kowa na roƙon a zo gidansa, ba kuma wanda ya taɓa zuwa. Haka suka yi shekara goma sha takwas. A cikinsu Nayyere ta auri Jalil, mai gyaran wutar lantarki, mutum mai haƙuri da bai taɓa sanin ta da wata fuska ba. Suka haifi 'ya ɗaya, wadda ta ɗauko ƙaramin hancin ubanta. Batul ta rasu. Sunan Nayyere kuwa ya yi ta tashi a kasuwa, har Haj Nosrat, ɗaya daga cikin manyan dillalan tsofaffin dardumai, ya daina bai wa kowa siliki sai ita.

Hancin bai tsaya inda likita ya bar shi ba. Shekara bayan shekara fatar tana tsukewa, gefunan suna matsowa, har ya zama idan ta ja numfashi da ƙarfi sai su manne kamar bakin jaka. Ta koma shaƙar iska ta baki, kuma mai aiki da tsohon ulu ya san abin da bakinsa ke haɗiya. Idan ta sunkuya a kan darduma na minti goma sai ta ɗago ta huta. Duk wannan ta jure, ba ta gaya wa kowa ba, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ta kasa jurewa ya zo ne tana da shekara arba'in da ɗaya, lokacin da ƙulle-ƙullen siliki suka fara haɗewa a idonta. Aka auna ta aka ba ta tabarau. A tsaye yakan zauna. Da zarar ta sunkuya sai ya zamo ya tsaya a kan leɓenta, ko ya faɗa kan aikin. Mai shagon tabarau ya gwada mata iri-iri, ya lanƙwasa nan, ya ƙara roba can, daga ƙarshe ya ce da ita cikin ladabi ba a kafa tsani inda babu bango. Ta koma ɗaure shi ta ƙeya da zaren ulu, ta tsuke har sai ya yi mata shaida a kumatu, ciwon kai ya zama abokin zamanta. A nan ne maganar mahaifinta ta dawo mata, kuma ba ta ba ta dariya ba.

Wata rana ta mayar wa Haj Nosrat wata dardumar siliki da ta yi wata biyu a kanta. Ya shimfiɗa ta a bakin shago inda haske yake, ya duƙa, ya bi gyaran da yatsa. Layi bakwai na shuɗi mai duhu ta saƙa a inda ya kamata ya zama shuɗi mai haske. Ya yaba hannunta, ya yi wa mahaifinta addu'a, ya sa aka kawo mata shayi. Daga wannan rana kuwa sai dardumar ƙauye mai kaurin zare yake aiko mata, irin wadda ake bai wa masu koyo. Nayyere ta fahimci saƙon fiye da a ce da baki ya faɗa. Idan abin ya ci gaba a haka, sana'ar da ta zo daga kakan kakanta za ta ƙare a hannunta tun kafin ta kai hamsin.

Jalil ne ya samo labarin Dakta Nikbakht, daga bakin wata mata da ya yi wa gyaran wuta. Likitar mace ce mai furfura, ba ta taɓa hancin da ba a taɓa ba. Aikinta gyaran abin da wasu suka ɓata. A ɗakin jiranta babu hayaniya, kuma babu mai kallon wani. Ta haska cikin hancin Nayyere, ta latsa karan da yatsu biyu, sannan ta ɗora yatsa a kumatunta ta ja fatar gefe, ta ce ta shaƙa. Iska ta shiga har ƙirjinta, mai sanyi, irin wadda ta manta da ita. Hawaye suka zubo mata ba ta shirya ba.

Likitar ta yi mata bayani ba tare da kwana-kwana ba. An cire ƙashi da guringuntsi fiye da kima, abin da ya rage a ciki ba zai isa gini ba, saboda haka sai an yanko guringuntsi daga haƙarƙarinta a sassaƙa a kafa sabon kara. Fatar kuma ta tsuke ta yi tabo, aiki ɗaya kaɗai za ta ƙara ɗauka. Abin da aka yi a wannan karon, da shi za a kai ta kabari. Sannan ta nemi tsohon hoto wanda aka ɗauka daga gefe. Nayyere ta ce babu. Likitar ba ta yi mamaki ba, ta ce yawancinsu haka suke cewa. Ta ɗauki hotonta, ta ja layi a kan na'ura, ta juyo mata da ita: hanci miƙaƙƙe, mai kyau, wanda babu wanda zai kushe, kuma ba na kowa ba. Ta tambaye ta ko ya yi mata.

"Duk yadda kuka gani, likita."

Maganar ta fita kafin Nayyere ta kama ta. Dakta Nikbakht ta ajiye alƙalami.

"Khanum, baiwar Allah, wannan maganar ce ke ciyar da ni. Rabin waɗanda kika gani a waje ita ta kawo su. A gidana zan yi miki kara har ki gaji, amma ban da wannan ɗakin. Aikinki nan da mako uku ne. Idan kin zo mini da abin da kike so, zan gaya miki ko zai yiwu. Idan ba ki zo da komai ba, wannan zan yi, kuma zai riƙe tabarau."

Zai riƙe tabarau, kuma Jalil ya ce ai abin da aka je nema ke nan. Nayyere ta yarda da shi da baki. Amma kwana goma tana zaune a kan wata tsohuwar dardumar Hamedan da asu ya cinye wa kusurwa, hankalinta bai kwanta ba. Sau ɗaya ta bar baƙo ya zaɓa mata fuska, ga shi za ta sake, kuma daga wannan babu wani. Ta yi ƙoƙarin zana tsohon hancinta a takarda, ta tarar ta manta inda tudun yake farawa da inda yake ƙarewa. Ta je gidajen dangi uku da sunan ziyara, ta duba hotunansu. Duk inda ta fito, gaba take kallo, domin tun tana yarinya ta koyi kada ta bai wa mai hoto gefenta. Hoton mahaifinta guda ɗaya da ke bango shi ma gaba yake kallo.

A rana ta goma sha ɗaya, ta naɗo ɗaya kusurwar dardumar ta ajiye kusa da wadda ta lalace domin ta ƙirga ƙulli, kamar yadda ta yi sau dubu. Ta ƙirga layi biyu, sai hannunta ya tsaya. Sannan ta kwance zaren da ke ƙeyarta, ta ajiye tabarau, ta ɗauki mayafi.

Gidan gurasar Parviz yana tasha shida a motar haya daga lungunsu, kuma ba ta taɓa taka shi ba. Ta isa da hantsi, ta shiga layin mata kamar kowa. Daga nan tana hango shi a bakin tanderu, yana miƙa ƙullu a kan faffaɗan katako yana zura shi kan tsakuwa mai zafi. Gashinsa ya yi fari, wuyansa ya yi kauri. Da ya juya gefe domin ya zaro gurasa, hasken wuta ya bi ta bayan fuskarsa, sai ga Usta Yadollah a tsaye.

Da layi ya zo kanta ya gan ta, ya goge hannu a riga, ya soma abin da suka saba. Ya ce yau wace irin rana ce, ta haskaka masa shago, ina Agha Jalil, ina yarinya. Ya zaɓo mata gurasa biyu masu riɗi, ya kakkaɓe tsakuwar da kansa, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Ya rufe da cewa shi bawanta ne, idan tana da wata bukata ta umarta kawai. A nan ne ya kamata ta ce Allah ya bar shi, ba ta bukatar komai sai lafiyarsa.

"Ina da bukata, Dadash," in ji ta, da sunan da take kiran yayanta tun suna yara.

Parviz ya tsaya da gurasa a hannu. Ba haka ake amsawa ba.

"Hancinka nake so ka ara mini. Ranar Talata, ƙarfe huɗu."

Wata tsohuwa a bayanta ta ce idan rabawa ake yi a sa da ita, ai zai ishi mutum uku. Layi ya kwashe da dariya. Parviz ya ce shekara arba'in da bakwai yana yawo da kayan nan babu wanda ya taɓa tayawa, yau ga mai aro. Ya bar wa abokin aikinsa tanderu, ya ja ta zuwa bayan shago inda buhunan fulawa suke, ya juya mata bokiti ta zauna. Ta gaya masa komai: numfashin, da tabarau, da layi bakwai na shuɗi, da abin da likita ta ce game da fatar. Ya saurara yana murza hularsa.

"Maganar da na yi ranar nan, Abji, 'yar'uwata..."

"Gaskiya ka faɗa. A gaban mutane ne ka faɗe ta."

"Ba ki gane ba. Mutum ba ya ganin gefen fuskarsa. Bayan da Baba ya rasu, idan kewarsa ta kama ni sai in zo gida in zauna ta hagunki kina aiki, in yi ta kallo. Kina tsammani shayin Mama nake zuwa sha? Shayin Mama da ko launi ba ya yi?"

Ta yi dariya, ta ƙare da tari. Ya ce mata ta sha ruwa kada ta mutu a kan fulawarsa hukuma ta rufe masa shago.

Ranar Talata ya zo cikin kwat ɗin da ya yi aure da shi, maɓallin ciki ba ya haɗuwa. A ɗakin jira wata budurwa ta dubi hancinsa da tausayi, ta tambaye shi yaushe ne nasa aikin. Ya ce mata shi ba majinyaci ba ne, samfuri ne. Dakta Nikbakht ta dube su su biyun a tsaye a ƙofa, ba ta bukaci bayani ba. Ta zaunar da shi a gaban shuɗin ƙyalle, ta ɗauki hotonsa hagu da dama, ta auna da ƙaramin ma'auni, ta gaya masa sau uku ya daina magana. Sannan ta jera hotunan biyu a kan na'ura. Goshi ɗaya ne, haɓa ɗaya, tazarar idanu ɗaya. Tsakiyar ce kaɗai ta bambanta.

Ta ce ba za ta iya ba ta duka ba. Hancin namiji ne, kuma fatar ba za ta miƙe har can ba; watakila kashi biyu cikin uku. Ta ja layin ya taso, ta tsaya a inda tudun Parviz yake farawa, ta ce daga nan za ta iya miƙar da shi sumul.

"Ina son tudun," in ji Nayyere.

Likitar ta ce shekara ashirin tana wannan aiki, mutane suna zuwa a cire musu tudu, ba a sa musu ba. Ta tabbata?

"Ina son tudun, likita. Ƙarami, a daidai inda nasa yake."

Ta ƙara gargaɗinta cewa idan ta gan shi a madubi ta tuna abin da ya kai ta wurin likitan farko, babu komawa. Ta tambaye ta a karo na uku. Nayyere ta ji muryar Batul tana cewa ba a musu da masana. Ta miƙa yatsa ta ɗora a kan hoton yayanta.

"Nan. Wannan nake so."

Parviz ya ce a rubuta ranar, domin tun da aka haife ta bai taɓa jin ta nemi ko ƙarin shinkafa ba.

An yi aikin a farkon sanyin shekarar 1397, ya ɗauki awa biyar. Hancin bai dame ta kamar haƙarƙarin ba. Ta yi wata guda ba ta iya dariya ko atishawa sai ta riƙe gefenta, kuma Parviz, wanda ya soma zuwa duk Juma'a da gurasa mai zafi, bai taimaka wajen hana dariyar ba. An hana ta ɗora tabarau a kan sabon karan har wata biyu, don haka ba ta taɓa allura ba, abin da bai taɓa faruwa da ita ba tun tana 'yar shekara tara. Ranar da likita ta ce filasta ta gama aikinta, a ranar Nayyere ta cire ta. Shohre ta zo dubiya, ta zagaya ta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya sha wuya har sau biyu domin ya koma inda ya taso ba. Jalil ya yi mako guda yana satar kallonta, sannan ya ce yanzu ya gane daga ina taurin kan yake.

Kumburin bai gama sauka ba sai bayan shekara. Ba hancinta na da ba ne, kuma ba ta taɓa cewa shi ne ba. Ya fi na da ƙanƙanta, ya ɗan karkata hagu kaɗan, yana da tauri idan an taɓa, kuma wurin da aka yanka a haƙarƙari yana yi mata tsami idan dusar ƙanƙara ta sauka. Mai gyaran darduma ya san gyara ba ya zama asali. Idan aka juya bayan, ana ganin inda sabon zare ya shiga. Ta gama dardumar Hamedan ta kai wa Haj Nosrat da kanta. Ya duba kusurwar a bakin shago, ya juya ya duba ɗayar, ya sake dawowa. Ba ta jira ya gama yabo ba, ta ce masa tana so ya dawo mata da siliki. Dattijon ya dube ta ta saman tabaraunsa, domin ba haka ya san ta ba. Bayan kwana biyu ya aiko da ƙaramar dardumar salla, a matsayin gwaji.

A yau Nayyere tana nan a lungun da ke bayan kasuwar darduma, tana dab da shekara hamsin. Tana shaƙar iska ta hanci, ɓangaren dama ya fi na hagu buɗewa. Tabaraunta yana zaune a kan ƙaramin tudu, ya fara yi masa shaida. Rabin silikin Haj Nosrat ita ke gyarawa, rabin kuma wata mai ƙuruciya da ta fi ta ido. Parviz yana zuwa ranar Juma'a da gurasa biyu, ya zauna ta hagunta, ya kushe shayinta, ya sha kofi uku.